Dabinon Ɗakin Babanki

Daga Kaka, ranar Lahadi

Mamanki ta ba ni dabinon! Jiya da hantsi ta buɗe ɗakin babanki, ta ɗage labule, ta kira ni ta ce, "Baba, ga shi nan, ka riƙe shi." Wata goma sha huɗu ke nan tun da Allah ya karɓi ransa, ba mai shiga ɗakin nan sai ita, ta shiga da kofin ruwa, ta fito ta ja ƙofa. Yau ga shi a gefena ina wannan rubutu, har ganyensa yana shafar kafaɗata.

Af, zumuɗi ya sa na faɗo miki ba sallama. Da malaminmu na makarantar yamma zai ga wannan, da ya ja mini jan layi, don ya sha gaya mana wasiƙa gidan mutane ce, ba a shigarta sai da gaisuwa. To, assalamu alaikum Amaryata. Ina gajiya, ina karatu, ina masu jikin da kuke koyon jinya a kansu? Ni lafiya lau, ban da gwiwar hagu da ta ƙi jinin matakala, da kunnen nan da ya yi nauyi har ko kin ɗauki waya ba lallai in ji ki ba. Ba kya ɗauka ɗin ma.

Dalilin ba ni shi, mamanki ta samu aiki a masana'antar ɗinki can ƙarshen gari. Za ta riƙa kwana wajen yayarta, sai ranar Asabar ta leƙo. Gida ya rage daga ni sai shi.

Kin san shi dai. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye kusa da teburin babanki a ofis, sannan suka aiko da shi tare da kwalin takardunsa. Tsayinsa bai wuce ƙirjina ba, ganye bakwai, dogaye masu rusunawa kamar suna gaida mutum. Na zauna na dube shi sosai, sai tausayinsa ya kama ni. Shekara goma sha biyu a duniya, ko ɗa ɗaya bai taɓa yi ba! Ni ɗan manomi ne kafin gadin sito ya cinye mini ƙuruciya, na san dabino. Abinsa rana ne da ruwa da taki. Wannan kuwa an kulle shi a ɗaki ana ba shi ruwa da kofi kamar mai shan magani, ina zai yi 'ya'ya? Babanki mutumin kirki ne, amma biro ya sani, bai san ƙasa ba.

Gobe in Allah ya kai mu, ni da maƙwabcina tela za mu hau da shi saman bene inda ake shanya. Na riga na yi magana da mai tantabarun bayan layinmu, zai ba ni kashinsu. Ruwa safe da yamma. Kafin hutunki za ki zo ki tarar ya ninka, ki ce ashe tsohon nan da sauran amfaninsa.

Hutu uku ke nan gadonki yana shimfiɗe. Ina kaɗe shi duk Juma'a. Ba gori nake yi ba, labari nake ba ki.

Naki, Angon da aka yi wa yaji.

Daga jikarsa, ranar Talata

Kaka, ka ajiye takardar nan ka je ka sauko da shi, sannan ka dawo ka ƙarasa karantawa.

Ina fatan kana lafiya, kai da Mama. Ni lafiya. Wasiƙarka kwana tara ta yi a hanya, tun da na karanta ta kuma nake lissafin ranakun da ya yi a sama.

Ba dabino ba ne. Mu muka sa masa sunan don ganyensa ya yi kama, amma ko shekara ɗari zai yi ba zai ba ka abin da za ka sa a baki ba. Baba ya ce asalinsa daga wani tsibiri ne inda ba zafi sosai ba sanyi sosai, kuma yana ƙarami a inuwar manyan itatuwa yake tashi. Wanda ya girma a ɗaki in aka fitar da shi tsakar rana, ƙonewa yake yi kamar fatar jariri. Kofin da kake yi wa dariya shi ne ma'auninsa: sau ɗaya a mako, shi ma sai an sa yatsa an ji ƙasar ta bushe. Kashin tantabara kuwa wuta ce. Ganye ɗaya ko biyu yake yi a shekara, haka Allah ya yi shi, ba wahala yake sha ba.

Mama ta san duk wannan. Tana gidan ranar da ka rubuta. Taku nawa ne daga ɗakinka zuwa nata?

Amma haka kake, Kaka. Sai ka dubi abu, ka yanke abin da ya fi masa alheri, ka yi masa, ba ka tambayi kowa ba.

Hutun nan ma zan tsaya, ana neman masu taimakawa a ɗakin marasa lafiya. A daina wahalar kaɗe gado.

Daga Kaka, ranar Alhamis

Amaryata, bayan gaisuwa da fatan alheri. Jiki da sauƙi, zuciya ce dai.

Na yi yadda kika ce, na ajiye takardar na hau. Sai dai kwana goma sha takwas ke nan yana can.

Ba zan ce ban ga alama ba. Rana ta huɗu ganyen sama suka fara yin fari-fari kamar an zuba musu toka. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Da suka koma ja na ce tsohuwar riga yake tuɓewa zai sa sabuwa. Tela ya ce shi dai abin bai kwanta masa ba, na ce masa ya tsaya ga almakashinsa, ni na yi noma tun uwarsa tana goye. Matar da take shanya kusa da shi ma ta ce tukunyar tana wari, na ce ƙamshin taki ne, 'yan birni ba su san shi ba.

Yanzu ganye biyar sun zama kamar takardar buhun siminti, in iska ta taɓa su sai ki ji suna ƙara. Biyun da suka rage rabi ne kore. Ƙasar ta yi baƙi, in na danna ruwa ne yake tsattsafowa. Mun mayar da shi kusurwar da yake, nesa da taga. Garin gyaran gira na tsone ido.

Mamanki ta zo Asabar. Na so in tare ta a ƙofa in fara yi mata bayani, gwiwa ta ƙi ba ni sauri. Ta tsaya a kansa tsawon lokaci, jakarta a kafaɗa. Da ta yi faɗa da na ji sanyi. Sai kawai ta ɗauki kofin nan daga bakin taga, ta wanke shi, ta goge, ta kife shi cikin sauran kofuna. Ta tambaye ni ko na sha maganin gwiwa, na ce na sha. Ba ta kwana ba.

Ki yi mini faɗan da ita ta ƙi yi. Ki rubuto ko zagi ne, zan karanta shi sau biyu.

Daga jikarsa, ranar Asabar

Kaka, ina gaisuwa. Ba zan zage ka ba.

Akwai wata wasiƙarka da nake ajiye da ita a cikin littafina. Layi shida ce, rubutun a tsanake, ba gogewa ko ɗaya. Ka ce Baba yana samun sauƙi, har ya zauna ya sha shayi, ya ce in mai da hankali ga jarrabawa. Daga baya na duba kwanan watan da ke jikinta. Kwana uku da binne shi ka rubuta ta.

Na gama jarrabawa na shiga kasuwa na saya masa takalmi mai laushi, don mai tashi daga ciwo ƙafarsa tana kumbura. Na hawo matakalar nan da su a leda ina kiransa tun daga hawa na biyu. Kai ka buɗe mini ƙofa.

Ni ce na riƙa riƙe hannunka kana koyon rubuta baƙaƙe, ina aji huɗu kana da shekara sittin da ɗaya. Ban san abin da za ka yi da su ke nan ba.

Abu ɗaya ya rage mai rai wanda hannunsa yake taɓawa kullum, shi nake tunanin wata rana zan zo in gani. Yanzu ban san me zan zo yi ba.

Daga Kaka, ranar Litinin

Amaryata, bayan gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, mamanki tana lafiya, maƙwabta suna gaishe ki.

Albishirinki. Dabinon yana samun sauƙi. Tun da ya koma inuwa ganyensa suka dawo kore shar, guda bakwai cif, kamar ba abin da ya same shi. Duk wanda ya gani sai ya yi mamaki. Saboda haka ki kwantar da hankalinki, ki zo hutu ki same shi yadda kika san shi.

Kakanki.

Daga Kaka, ranar Talata

Wasiƙar da na aika miki jiya ƙarya ce. Ban san wadda za ta riga isa ba, ita ko wannan, shi ya sa na fara da haka kafin gaisuwa. Ina gaishe ki, in kina amsawa.

Ga yadda aka yi. Sati uku bayan wasiƙarki ban iya ɗaukar biro ba. Tela ya ga na daina saukowa shan iska a bakin shagonsa, ya hawo ya same ni ina kallon itacen. Ya ce ai wannan ba abin da za a kashe kai ba ne, akwai mai sayar da shuke-shuke a bakin babban titi, ya ga irinsa sak a wurinsa, in yadi ya ƙone ai wani ake yankowa a yi shiru. Ban ɗora masa laifi ba, shi shawara ya kawo, ni na miƙe na sa takalmi. Muka je, na ƙirga ganye na zaɓi mai bakwai, muka kawo shi a keke. Na tura na babanki bayan ƙofar banɗaki na rufe shi da tsohon zane. Niyyata ranar Juma'a in juye sabon a tsohuwar tukunya, kafin mamanki ta zo.

Na rubuta miki, na kai gidan waya, na dawo ina jin kamar na sauke kaya. Da la'asar na je ɗaukar bokiti, zanen ya zame, na gan shi a tsugune a duhu da 'yan ganyensa biyu. Sai na tuna haka na dawo daga gidan wayar nan wancan karon, da irin wannan sauƙin a ƙirji. Na zauna a bakin baho.

Yau tun kafin su buɗe ina ƙofarsu. Na roƙi matar da ke kan kanta ta ba ni wasiƙata, na ce ni na rubuta, ga rubutun hannuna ta gwada. Ta ce Baba, abin da ya shiga akwati ya zama na mai shi, kuma motar ta tafi tun jiya. Na ce ƙarya ce a ciki. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, to ka bi ta da gaskiya, kan sarki ɗaya ne. Shi ne na sayi takarda na zauna a bencinsu, a nan nake rubuta wannan.

Gaskiyar ita ce: ganye biyar sun mutu. Biyu suna nan rabi da rabi. A tsakiya akwai wani siririn tsinke kamar mashi wanda bai buɗe ba, bakinsa ya ƙone. Ban sani ba ko yana da rai.

Sabon zan kai wa tela ya ajiye a shagonsa, tunda shi ya gano shi.

Daga jikarsa, ranar Alhamis

Kaka, ina amsawa. Ya gwiwar?

Tare suka iso, ta Litinin na fara buɗewa. Ban kai ƙarshenta ba na gane. Ganyen da ya ƙone ba ya komawa kore, ko yaro ya san wannan. Kuma ba ka iya ƙarya da surutu ba. In gaskiya kake faɗa sai ka cika shafi uku da tela da tantabaru, in ƙarya ce sai ta fito gajeriya a goge kamar rigar zuwa ofis. Na yi kwana biyu ban buɗe ta biyun ba. Saura kaɗan in jefar da ita.

Ga abin da za ka yi, kuma kada ka ƙara ko ka rage. Ka kira mai shuke-shuken ya zo ya canza ƙasar, ya yanke jijiyoyin da suka ruɓe da busassun ganye. Kada kowa ya taɓa tsinken tsakiya. Kai ɗaya gare shi, ba ya reshe kamar sauran itatuwa, in wannan ya tafi shi ke nan. Ka kama tsinken da yatsa biyu ka ja a hankali, a hankali na ce, ba jan guga ba. In ya zare ya biyo hannunka, ya mutu. In ya riƙe, ka ɗauki biro ka ja layi ɗaya a kwance wanda zai ratsa tsinken da gindin ganyen da ke manne da shi. Haka Baba yake yi a ofis duk lokacin da ya ga kamar ya tsaya. In yana girma, layin zai rabu biyu, na jikin tsinken ya hau sama. Ka riƙa rubuto mini abin da ka gani, ko ba daɗi.

Sai abu na biyu. Mama ba ta iya maganar rasuwar Baba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Ina son wasiƙar da ya kamata ka rubuto mini a wancan lokacin. Yadda aka yi, daga farko har ƙarshe. In ta zo gajeriya zan sani.

Daga Kaka, ranar Lahadi

Jikata, bayan gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda take.

Mai shuke-shuke ya zo. Da ya juye tukunyar sai da ya toshe hanci, ya tambaya wane maƙiyi ne ya yi wannan aiki, na ce ga shi a gabanka. Jijiyoyin da suka rage farare ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na ja tsinken, ya riƙe. Na ja layin da shuɗin biro. Wannan ke nan.

Wasiƙar da kika nema kuma kwana huɗu nake rubuta ta ina yagewa.

Kwana tara babanki ya yi a asibiti, ƙoda ce. Gadonsa na uku daga ƙofa, kusa da wani tsoho mai tari. Kwanakin farko yana magana, har yana tsokanata wai na zo jinya amma ni nake fara yin gyangyaɗi. Rana ta shida likita ya kira mu waje ya ce duk wanda ya kamata a kira, a kira shi. Mamanki ta ciro waya. Ni na riƙe mata hannu. Na ce saura miki takarda huɗu a jarrabawa, in kika taso shekara guda ta zube. Ta ce Baba, ubanta ne fa. Na ce ni ma ɗana ne, kuma ni ne babba a nan. Ta mayar da wayar jaka.

Ba uzuri nake nema ba, amma ki san inda abin ya fito. Shekara sittin ina danna yatsa a tawada a inda mutane suke sa hannu. Na ga yadda ake duban mai yatsa mai shuɗi. Sai jarrabawa ta yi mini girma a ido har ta rufe mini komai. Na ɗauka ina tsare miki abin da ni aka hana ni.

Yanzu ga wanda ko mamanki ba ta sani ba sai jiya da na gaya mata. Ranar Litinin da hantsi ta fita karɓo magani, daga ni sai shi. Ya buɗe ido ya ce, "Baba, an kira ta?"

Na ce, "Tana hanya."

Ya ce to a gyara shi, kada ki zo ki same shi a hargitse. Na goge masa fuska, na taje masa gemu, na sa masa hula. Ya ce in juya shi ya fuskanci ƙofa. Duk wanda ya turo ƙofar nan sai ya ɗaga kai, mai shara ne, mai kawo abinci ne, sai ya mayar. Da la'asar ya ce motocin nan ba su da tabbas, na ce haka ne. Abin da ya faɗa na ƙarshe da na ji sosai shi ne, "In ta iso ina barci, ku tashe ni."

Talata bayan azahar ya cika, fuskarsa tana kallon ƙofa. Bai sha wahala a ƙarshen ba, wannan gaskiya ce, ba don in sanyaya miki na faɗa ba.

Ke na ce miki yana samun sauƙi, shi na ce masa kina hanya. Na tsaya a tsakaninku na hana ku juna, kuma ba ranar da zan iya mayarwa. Mamanki da ta ji ta tashi ta shiga ɗakinsa ta rufe, sai da yamma ta fito ta tafi.

Ban ce ki yafe ba. Kin ce in rubuta, na rubuta.

Daga Kaka, ranar Lahadi

Bayan gaisuwa. Sati biyu, layin yana nan a haɗe. Ɗaya daga ganye biyun ya ƙarasa bushewa, na bar shi ban yanke ba sai an ce. Na sa yatsa na ji ƙasa da danshi, ban ba shi ruwa ba. Mamanki ba ta zo Asabar ɗin nan ba.

Daga Kaka, ranar Lahadi

Bayan gaisuwa. Sati biyar, bai motsa ba. Tela ya ce in haƙura, mai shuke-shuke ya ce irinsu sukan yi wata uku suna shawara. Na shagon tela kuwa har ya yi sabon ganye, ina wucewa ina kau da kai. Mamanki ta zo, ta yi shara, ta sa yatsa a tukunyar, ta ɗauko kofin ta ba shi rabi. Ni gaisuwa kawai ta yi mini. Ban ji daga gare ki ba, kuma ban ce ya kamata in ji ba. Zan ci gaba da rubutowa tunda ba ki ce in daina ba.

Daga jikarsa, ranar Laraba

Kaka, ina gaisuwa. Duk sun iso.

Na karanta doguwar sau ɗaya, ban iya sakewa ba. A ɗakin da nake aiki akwai gado na uku daga ƙofa, sai da na roƙi a canza mini ɓangare.

Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan rubuta abin da ba haka ba don ka ji daɗi. Amma yanzu na san ya neme ni. Wata goma sha tara ina zaton bai tambaya ba.

Ranar ashirin ga wata za a yi hutu. Zan zo in ga inda aka kwantar da shi, in gaya masa na iso. Wajen yayar Mama zan sauka. Ban sani ba ko zan iya hawa matakalar nan.

Busasshen ganyen ka yanke shi daga gindi. Kuma ka daina cewa ka sha maganin gwiwa alhali ba ka sha ba, Mama tana ƙirga ƙwayoyin.

Daga Kaka, ranar Juma'a

Ya motsa! Layin ya rabu!

Assalamu alaikum, ina gajiya, ina karatu, ni lafiya, na sha maganin, yanzu bari in faɗa.

Yau da safe na sa tabarau na duƙa kamar kullum, sai na ga shuɗin layin ya zama biyu, na jikin tsinken ya ɗan hau. Na ce tsoho, idonka ne yake son ya yi maka irin halinka. Na goge tabarau na sake dubawa. Na fita na dawo na sake. Sannan na leƙa ta taga na ƙwala wa tela kira har mutanen layi suka ɗaga kai suna zaton gobara ce. Ya hawo da abin awonsa a wuya, allura a baki. Na ce kada ka duba fuskata, ka auna ka faɗi abin da ka gani. Ya durƙusa ya auna sau biyu, ya ce milimita uku. Na sa shi ya rubuta da hannunsa a ƙasan takardar nan ya sa hannu, ga shi nan za ki gani, rubutunsa kamar tafiyar kaza.

Kada ki zaci wani abin kallo ne. Sanda ce a tukunya, da ganye ɗaya rabinsa ƙonanne, da tsinke mai baƙin baki. Mai shuke-shuke ya ce kafin ya koma yadda yake sai shekara biyar ko shida, in ma ya koma. Na yi lissafi, ba lallai ina nan ba. Ke kina nan. Amma a ƙasan tsinken, inda ya fito daga ciki, akwai wani ɗan kore sabo fil, faɗin ƙwayar shinkafa, wanda rana ba ta taɓa gani ba. Tun safe nake zaune a gabansa, shayina ya huce sau biyu.

Na san maganata ba ta da nauyi a wurinki, ni na zubar da ita da hannuna. To kada ki yarda da ni, kada ma ki yarda da tela. Gani ya kori ji. In kin dawo daga wajen babanki, ki biyo. Ƙofa za ta kasance a buɗe, ba sai kin ƙwanƙwasa ba, ba ni zan buɗe miki ba. In ba kya son ganina, zan sauka shagon tela in zauna har ki gama ki tafi, sai dai ki ɗaga labulen taga in san kin gani.

Ki zo da mamanki, ita ce da rabin kofin. Ki zo da yayarta da 'ya'yanta, da duk ƙawar da ta biyo ki hutu. Na riga na gaya wa mai shuke-shuke, da mai tantabaru, da matar da ta ce tukunya tana wari, gobe kuma in na kai wannan zan gaya wa ta gidan waya. Hawa na uku ne, ƙofar hagu, a kusurwa nesa da taga. Kowa ya zo da tabaransa, abin ƙarami ne. Ku zo ku duƙa ku gani.